Tarihin Shan Maganin Hawan Jini da Barinsa a Dutsin-Ma da Kurfi

Kafin zuwan asibiti, sha'anin magani a ƙasashen Dutsin-Ma da Kurfi, inda masu sarautar 'Yandaka da Maradi ke hakimci a ƙarƙashin Sarkin Katsina, yana hannun wanzamai da masu saiwoyi da malaman rubutu, kuma dukkansu sun yi tarayya a kan cewa cuta aba ce da ke shiga jiki ta bayyana kanta, magani ya fitar da ita, a wuce wurin. Ɗakunan shan magani da En'e ta buɗe a zamanin Turawa ba su rushe wannan fahimta ba, sai ma suka ƙarfafa ta, domin allurar fenisilin da ƙwayar kulorakwin sun nuna wa jama'a cewa maganin Bature ma yana gama aikinsa cikin 'yan kwanaki.

Hawan jini, wato ƙarfin da jini ke danna bangon jijiyoyi idan ya kai awo 140 bisa 90 ko ya zarce kuma ya zauna a haka, ya saɓa wa wannan tsari ta kowace fuska, saboda yakan yi shekara da shekaru bai nuna alama ba, ba a gane shi sai da na'urar awo irin wadda Riva-Rocci ya fito da ita a Italiya a 1896, kuma maganinsa danne shi yake yi, ba ya raba mutum da shi. Su kansu likitoci sun makara wajen yarda cewa ciwon ya shafi baƙar fata, tun da a 1929 Donnison ya rubuta daga Kenya cewa da wuya a same shi a tsakanin 'yan ƙasa, sai da bincike irin na Farfesa Akinkugbe na Ibadan, wanda littafinsa ya fito a 1972, ya kawar da wannan zato. Saboda haka mutumin Kurfi da ya ajiye ƙwaya ranar da ciwon kai ya sake shi ba jahilci ya yi ba, ƙa'idar da ya gada ya bi, kuma ƙa'idar ta yi masa amfani a zazzaɓi da gudawa.

Magungunan ma kowanne ya zo da dalilin da ke sa a guje shi. Aldomet, wanda ya daɗe yana kan gaba a asibitocin gwamnati, yana kawo kasala da barci, kuma ana shan sa sau biyu ko uku a yini. Masu sa fitsari irin su Moduretic suna takura wa mai son riƙe alwala da direba da mai zaman kasuwa, a watan azumi kuwa suna ƙara ƙishirwa, shi ya sa wasu kan dakatar da su sai bayan salla. Lisinopril yakan jawo busasshen tari, amlodipine ya kumbura ƙafa, sannan akwai raunin mazakuta da wasu daga cikin tsofaffin magungunan ke haddasawa, wanda kunya kan hana magidanci faɗa wa likita, musamman idan ma'aikaciya mace ce, sai ya bar shan maganin a ɓoye ya koma ga tafarnuwa da zogale da zoɓo. Zoɓon da ba sukari, a yi masa adalci, bincike ya nuna yana ɗan sauke awon, amma bai isa ya tsare wanda nasa ya yi nisa daga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda ba.

Amma babban dalilin barin magani shi ne kuɗi. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da Yarjejeniyar Bamako ta 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, maganin kyauta ya ja baya, aka koma tsarin asusun da majinyaci ke biya domin a sake sayo wani, nauyin da mai ciwon kwana uku ke iya ɗauka amma yake danne mai ciwon dindindin. Inshorar lafiya ta ƙasa da ta fara aiki a 2005 ta fi amfanar ma'aikatan gwamnati, manomi kuwa sayen maganinsa yana bin kaka da bazara, sannan faɗuwar naira daga 2023 ta ƙara tsananta lamarin. Matsalar 'yan bindiga ta ɗora nata, domin Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layin waya a Satumbar 2021, kuma mutanen ƙauyuka da dama sun rage zuwa Babban Asibitin Dutsin-Ma don awo, sun dogara ga kemis mafi kusa. A can ana sayar da maganin kwana biyar ko goma gwargwadon abin da ke hannu, kuma da yake majinyata da yawa da launi da kwali suke gane ƙwayarsu, idan mai kemis ya kawo ta wani kamfani, wani yakan ƙi ta a kan ba tasa ba ce, wani kuma ya haɗa ta da ragowar tsohuwar, ya sha magani ɗaya ninki biyu, jiri ya kama shi, ya watsar da duka biyun.