Yadda Aka Tara Kuɗin Buga Camilla a Ingila, 1796

Al'adar nan ta marubuci ya karɓi kuɗin littafi daga hannun masu karatu tun kafin a buga shi, wadda yau ake yi ta intanet, ta daɗe a Ingila. Labarin Frances Burney ya isa shaida.

Littafinta na fari, watau Evelina, ya fito a 1778, ya yi kasuwa ƙwarai, amma fam 21 kaɗai mai ɗab'i ya saye shi, riba kuwa ta zama tasa. A 1793 ta auri Alexandre d'Arblay, wani hafsan Faransa wanda juyin mulki ya raba shi da ƙasarsa da dukiyarsa. A shekara ta biye suka sami ɗa. Da bukata ta matsa, sai ta yi shela cewa duk mai son sabon littafinta, Camilla, ya sa suna a kan fam ɗaya da sule ɗaya. Don gudun la'adar masu sayar da littattafai, waɗansu manyan mata uku, aminanta, su suka riƙe takardun sunaye. Nan dabarar take, domin girmansu shi ya jawo masu hannu da shuni.

Mutum fiye da 1,000 suka amsa. Littafin ya fito a 1796, juzu'i biyar, ta kuma sayar da haƙƙin bugunsa fam 1,000. Da kuɗin suka gina gida a lardin Surrey, suka raɗa masa sunan littafin.

A cikin jerin sunayen da aka buga a farkonsa akwai na wata budurwa 'yar shekara 20 daga ƙauyen Steventon, Jane Austen, wadda sa'an nan ba ta buga littafi ko ɗaya ba.