Sabwufa

Sabwufa, wadda a kasuwa aka fi sani da wufa, lasifika ce da aka ƙera don fitar da sauti mai kauri kaɗai, daga kimanin Hz 20 zuwa 200, irin rugugin tsawa ko dukan babbar ganga. A tsarin sauti na 5.1 ita ce ke ɗaukar tashar ".1", wato LFE, wadda ba ta wuce Hz 120. Fim ɗin Earthquake na 1974 yana cikin waɗanda suka fara fito da ita a gidajen sinima.

Haɗawa

Yawancin sabwufar gida tana da amfilifaya a cikinta, don haka sai an jona ta da wuta. Waya guda ta RCA ce ke tashi daga ramin Sub Out na risiba zuwa ramin LFE. Idan risibar ba ta da wannan rami, ana bi ta wayoyin lasifika, ja da ja, baƙi da baƙi. Ana kashe na'urorin kafin a jona.

Wani lokaci ana jin gurnani ko da ba a kunna komai ba. Sau da yawa sautin wutar lantarki ne, Hz 50 a Najeriya da Nijar, Hz 60 a Amurka, kuma yakan ragu idan aka jona risiba da sabwufa a soket ɗaya. Cire ƙafar ƙasa ta fulogi don magance shi yana da haɗari, domin ita ce ke kare mutum daga jan wuta.

Saiti

Tsadar waya ba ta kai saiti muhimmanci ba. Ana zaɓar iyakar da sauran lasifikoki za su bar wa sabwufa aiki, kuma kamfanin THX ya tsayar da ita a Hz 80. Sai a sa lasifikokin a kan Small, ko da ba ƙanana ba ne, don kada sautin da ya fi ƙarfinsu ya lalata su. Idan risiba ce ke rarraba sauti, ana murɗa makunnin iyaka na jikin sabwufa zuwa ƙarshe, don kada a tace sautin sau biyu. Makunnin 0 da 180 kuwa, ana barinsa inda sautin ya fi cika daga wurin zama.

Kusurwar ɗaki tana ƙara kauri, amma takan cakuɗa sauti. Don samun wuri mai kyau, ana ɗora sabwufa a kujerar mai kallo, a zagaya ɗakin a durƙushe ana saurare, sannan a ajiye ta inda sautin ya fi fita tsaf.