Ɗaukewar Wutar da Ta Ceci Maersk: Tarihin Harin NotPetya na 2017

A yammacin Talata 27 ga watan Yuni na shekarar 2017, ma'aikatan hedikwatar kamfanin Maersk da ke Kopenhagen, babban birnin ƙasar Denmak, suka ga kwamfutocinsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka sake tashi da wani saƙo da ke cewa an kulle bayanan da ke ciki, kuma ba za a buɗe ba sai an biya fansar dala 300 a kuɗin Bitcoin. Kafin jami'an fasaha su gama yanke layukan da suka haɗa ofisoshin kamfanin, aikin gama ya gama. Kamfanin da ke da jiragen ruwa kusan 800, wanda a lokacin yake ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin duniya, ya wayi gari ba ya iya sanin abin da ke cikin kwantenar da ke gabansa.

An fi tuna wannan lamari a matsayin babi na rikicin Rasha da Yukren. Amma ga masu kula da kwamfutocin manyan ma'aikatu, labari ne na al'adu biyu da aka daɗe ana ɗaukar su maganin kowace matsala: barin manhaja ta sabunta kanta, da dogaro da kwafin ajiya. A rana guda aka jarraba su duka biyun.

Ƙofar da aka shigo

A Yukren akwai wata manhajar lissafi mai suna M.E.Doc, wadda wani ƙaramin kamfani na birnin Kyiv ke samarwa. Da ita akasarin kamfanonin da ke kasuwanci a ƙasar suke shirya bayanan harajinsu su aika wa hukuma. Da yake dokokin haraji suna yawan canzawa, an tsara manhajar ta riƙa tuntuɓar uwar garken kamfanin da kanta, ta sauko da sabon gyara, ta ɗora shi ba tare da jiran izinin kowa ba.

Masu kutse suka shiga wannan uwar garke watanni kafin harin. Binciken kamfanin tsaro na ESET ya nuna cewa sun cusa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin sabuntawa uku da aka fitar a watannin Afrilu da Mayu da Yuni na 2017. Duk kwamfutar da ta karɓi waɗannan sabuntawa ta zama tana jiran umarninsu. A jajibirin ranar bikin kundin tsarin mulkin Yukren suka saki ƙwayar cutar da daga baya aka laƙaba wa suna NotPetya, saboda ta yi kama da wata tsohuwar manhajar neman fansa mai suna Petya alhali ba ita ba ce. Neman fansar ma rufa-ido ne, domin an gina ta ne ta lalata bayanai yadda ko an biya kuɗin ba za su dawo ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Katangun tsaron kamfanoni suna tare baƙon da ya zo daga waje, amma ba sa tuhumar sabuntawar da ta zo daga mai manhajar da aka riga aka amince da shi. A ofishin Maersk na birnin Odesa, kwamfuta ɗaya tak aka ɗora wa M.E.Doc, bisa buƙatar wani jami'in sashen kuɗi, kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya ruwaito a mujallar Wired a 2018. Ta wannan kwamfuta ɗaya cutar ta shiga.

Yadda ta bazu

Makamai biyu NotPetya ta yi amfani da su. Na farko shi ne EternalBlue, wata dabarar kutse da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta ƙirƙira, wadda wani gungu mai kiran kansa Shadow Brokers ya fallasa a watan Afrilu na 2017. Dabarar tana bin wata kafa ce a tsarin da kwamfutocin Windows ke musayar fayiloli. Kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wannan kafa tun a watan Maris, kuma harin WannaCry na watan Mayu, wanda ya durƙusar da asibitoci da dama a Birtaniya, ya riga ya nuna wa duniya hatsarin jinkirta ɗora shi. Duk da haka, ma'aikatu masu yawa ba su kammala ɗorawa ba.

Na biyu dabara ce irin ta Mimikatz, manhajar da wani Bafaranshe mai bincike, Benjamin Delpy, ya fitar a 2011 don nuna cewa Windows na barin kalmomin sirri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Haɗuwar makaman biyu ita ce ta sa abin ya yi muni. Cutar takan shiga kwamfutar da ba a gyara ba, ta kwashe kalmomin sirrin da ta tarar, sannan ta yi amfani da su ta shiga kwamfutocin da aka gyara kamar halastaccen ma'aikaci. Idan ta dace da kalmar sirrin babban jami'in fasaha, to ko'ina a buɗe yake gare ta. Ta kuma yi amfani da kayan aikin da jami'an kansu ke aika umarni da su zuwa dubban kwamfutoci a lokaci guda, wato hanyar da aka shimfiɗa don sauƙaƙa aiki ita ta sauƙaƙa ɓarna.

A cikin tashoshin jiragen ruwa 76 da reshen kamfanin, APM Terminals, ke gudanarwa, 17 sun tsaya cik. A tashar Elizabeth da ke jihar New Jersey ta Amurka, manyan motoci suka yi dogon layi a bakin ƙofa saboda na'urar da ke tantance shigarsu ta mutu. Jiragen da ke kan teku ba su kamu ba, sai dai bayanan kayan da suke aikowa ba su da inda za su sauka. Ma'aikata suka koma karɓar odar kaya ta WhatsApp da adireshin Gmail na ƙashin kansu.

Abin da aka manta a ajiye

Maersk ya kafa cibiyar farfaɗowa a garin Maidenhead na Ingila, inda ɗaruruwan ma'aikatansa da na kamfanin Deloitte suka yi aiki dare da rana. Da farko labarin ya zo da daɗi. An samu kwafin ajiyar kusan dukkan uwayen garken kamfanin, waɗanda aka ɗauka kwana uku zuwa bakwai kafin harin. Daga nan sai aka gano cewa abu ɗaya ya ɓata, kuma shi ne mabuɗin sauran.

A kowace babbar ma'aikata mai amfani da Windows akwai uwayen garken da ke riƙe da rajista, wadda Microsoft ke kira Active Directory. Ita ce kundin da ke ɗauke da sunan kowane ma'aikaci da kowace kwamfuta, da abin da aka yarje wa kowa ya buɗe. Idan babu ita, ko an dawo da sauran bayanai ba mai iya shiga ya taɓa su. Maersk na da irin waɗannan uwayen garke kimanin 150 a faɗin duniya, kuma an tsara su suna kwafar juna a kai a kai. Tunanin shi ne kowacce ajiya ce ga 'yan uwanta: idan ta Singafo ta lalace, ta Rotterdam na nan. Tsarin ya yi tanadin mutuwar ɗaya ko goma, bai yi tanadin mutuwarsu gaba ɗaya ba. Igiyar da ta haɗa su don su riƙa kwafar juna ita cutar ta bi ta shafe su.

Nan bambancin madubi da ajiya ya fito fili. Kwafin da ke bin asali a kowane lokaci yana kwafar lalacewarsa kamar yadda yake kwafar lafiyarsa. Manomin da ya gina rumbuna goma a jere cikin gida ɗaya ya tsira daga ɓera da gara, amma gobara ɗaya ta ishe su.

Kwafi ɗaya a Afirka ta Yamma

Jami'an Maidenhead suka shiga buga waya ofis bayan ofis, suna cigiyar ko akwai uwar garken rajista da ta tsira. Aka samu guda ɗaya a Afirka ta Yamma. Wutar lantarki ta ɗauke kafin harin, na'urar ta mutu, ta fita daga layin kamfanin, don haka cutar ba ta same ta ba.

Riwayoyi biyu ne game da wurin. Greenberg ya ce a ofishin Gana ne, kuma layin intanet ɗin ofishin ba shi da ƙarfin aika bayanan cikin lokaci, ga shi babu ma'aikacin wurin da ke da bizar Birtaniya. Sai wani ya ɗauki faifan ya shiga jirgi zuwa Nijeriya, ya miƙa shi ga wani abokin aiki a filin jirgin sama, shi kuma ya wuce da shi Landan. Adam Banks, wanda ya shugabanci sashen fasaha na kamfanin a lokacin, ya ambaci ofishin Legas a bayanan da ya yi daga baya. Riwayoyin sun yi ittifaƙi a kan abin da ya fi muhimmanci, wato ɗaukewar wuta ce ta raba na'urar da layin, kuma da hannu aka kai faifan Ingila. Matsalar da mutanen Gana ke kira dumsor, wadda 'yan Nijeriya suka saba da ita tun zamanin NEPA, ita ta yi wa kamfanin aikin da tsarinsa bai yi masa ba.

A taron tattalin arziki na Davos a watan Janairu na 2018, shugaban hukumar daraktocin Maersk, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana cewa cikin kwana 10 suka sake ɗora uwayen garke 4,000 da kwamfutoci 45,000 da manhajoji 2,500. Ya ƙiyasta asarar tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ba Maersk kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin magunguna na Merck, da TNT Express mallakar FedEx, da Saint-Gobain na Faransa, da Mondelez mai yin biskit da cakulan, duk sun tafka asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli ko abin da ya kusa haka. Fadar shugaban Amurka ta ƙiyasta jimillar ɓarnar ta haura dala biliyan 10. A watan Fabrairu na 2018 Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan rundunar sojin Rasha, kuma a watan Oktoba na 2020 ma'aikatar shari'ar Amurka ta tuhumi jami'ai shida na hukumar leƙen asirin sojin ƙasar, GRU. Rasha ta musanta.

Gaba kura, baya sayaki

Darasin da ya fi wahalar haɗiyewa shi ne cewa harin ya hukunta ɓangarori biyu masu kishiyantar juna. Wanda ya yi jinkirin ɗora gyaran Microsoft na watan Maris ya kamu ta EternalBlue. Wanda ya bar manhajarsa ta sabunta kanta ba tare da bincike ba ya kamu ta M.E.Doc. Shekarun da suka biyo baya sun maimaita darasin. A 2020 aka gano cewa an gurɓata sabuntawar manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds, wadda abokan ciniki kimanin 18,000 suka sauke. A watan Yuli na 2021 aka bi ta manhajar Kaseya VSA, wadda aikinta shi ne rarraba manhajoji zuwa kwamfutoci masu yawa, aka kulle bayanan kamfanoni har kusan 1,500, kuma shagunan Coop kimanin 800 suka rufe a Suwidin. A ranar 19 ga Yuli na 2024 ma babu wani ɗan kutse: kuskure ne a sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike, wadda aka aika ko'ina a lokaci guda, ya kayar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft.

Daga waɗannan abubuwa ne ƙa'idojin da manyan ma'aikatu ke bi a yau suka ƙara ƙarfi. Ana ɗora sabuntawa ne daki-daki: a fara da 'yan kwamfutocin gwaji, a jira a ga halinsu, a wuce zuwa wani sashe, sannan a game ko'ina, tare da tanadin hanyar komawa baya idan abu ya ɓaci. Bayan abin da ya faru, CrowdStrike ma ya yi alkawarin bin wannan tsari da ba abokan cinikinsa ikon zaɓar lokacin karɓa. Ana kuma rarraba layin ma'aikata gida-gida, yadda kwamfutar lissafi a reshe ɗaya ba za ta iya kaiwa ga rajistar kamfani ba.

Ta fuskar ajiya, tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ta sake samun daraja: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. An ƙara mata sharaɗin cewa kwafi ɗaya ya kasance a yanke daga layi, ko a ma'adanar da ba a iya goge abin da aka rubuta mata sai wa'adi ya cika. Wannan ne ya sa kaset ɗin maganaɗisu, wanda ake adana bayanan kwamfuta a kansa tun farkon shekarun 1950, bai bar manyan ma'aikatu ba har yanzu. Kaset ɗin da ke cikin akwatin ƙarfe ba ya karɓar umarni daga kowa.

Ita kanta manhajar ajiya ta zama abin hari, domin masu neman fansa sun gane cewa wanda ajiyarsa ke nan lafiya ba ya biya. A watan Maris na 2023 kamfanin Veeam ya fitar da gyaran wata kafa da ke iya fallasa kalmomin sirrin da manhajarsa ke riƙe da su, kuma ba a jima ba aka ga gungun masu kutse suna farautar waɗanda ba su ɗora gyaran ba. Don haka ita ma dole a sabunta ta a kan kari, a raba ta da rajistar da take karewa, a kuma riƙa gwada dawo da bayanai daga cikinta tun kafin ranar buƙata.

Rahoton Wired ya ce tun a 2016 jami'an fasahar Maersk suka yi gargaɗi game da tsofaffin uwayen garke, wasunsu na kan Windows 2000, da kuma rashin rarraba layin kamfanin. An amince da aikin gyaran, an ware masa kuɗi, amma da yake ba ya cikin ma'aunin da ake duba wa manyan jami'ai wajen ba su ladan ƙarshen shekara, ba a aiwatar da shi ba. Bayan harin, kusan duk wata buƙatar tsaro da sashen fasaha ya gabatar an amince da ita nan take.