Daga Tubali Zuwa Bulo: Tarihin Katanga a Ƙasar Gaya



Katanga ma tana da tarihi, kuma wanda ya iya karanta ta zai faɗi zamanin da aka gina ta. Ƙasar Gaya da Ajingi ta ishe mu misali.

Gaya tsohon gari ne, daga can ne ma ake cewa maƙeran nan Abagayawa suka taso zuwa Dala neman tama. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731), bayan ya sha kashi a hannun Zamfarawa, ya sa an gina ganuwa a Gaya da Takai da wasu garuruwa. Da ƙasa aka yi wannan aiki, irin wadda ake gina gida da katangar garka da ita. A haƙo ta, a cuɗa da ciyawa, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ramin da aka bari shi yake zama kududdufi. Katangar kan fito da kauri daga ƙasa, tana sirancewa zuwa sama, don ta iya ɗaukar nauyin kanta.

Ado kuwa a hannun magini yake. Tun yaɓe yana ɗanye zai zana dagi ko wani fasali, ya ɗora zanko a kusurwa. Don kare gini daga ruwa akwai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Da wuya ka ga zane biyu iri ɗaya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya sauƙaƙa shigowar siminti da kwano, amma ba su game ƙauyuka ba sai daga baya. An buɗe masana'antar siminti a Nkalagu a 1957, ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979. Daga nan ado ya bar yatsun magini ya koma cikin mazubi. Aka samu bulo mai huda, wanda magina ke kira fansi. Ana tankaɗe yashi, a haɗa da siminti da ruwa kaɗan, a shafa wa mazubi mai, a daddanna, a kife a inuwa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kamar mako guda. Mazubi ɗaya sai ya fitar da ɗaruruwa, duk kamarsu ɗaya.

Inda zamanin biyu suke karo shi ne wajen gyara. Damina ta ci wani sashe na tsohuwar katanga, mai gida ya cike giɓin da bulo, ya bi sauran da filastar siminti. Siminti ba ya kama ƙasa. Ruwa ya samu tsaga ya shiga, ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe daga ciki, filastar ta ɓanɓaro da ita. Shi ya sa gwanayen magina suke gyara ƙasa da ƙasa. In kuwa bulo ake so, sai a sauke sashen gaba ɗaya, a zuba sabon harsashi, a tsayar da ginshiƙai, sannan a jera fansi a sama.

Mu marubuta muna da rabo a nan. In labarinmu na shekarun 1950 ne a wani ƙauyen Ajingi, muka sa budurwa tana leƙen saurayinta ta hudar fansi, dattijon da ya karanta zai san ba mu yi bincike ba. Kalmomi irin su makuba da laso da zanko suna bin masu sana'arsu zuwa kabari. Tsofaffin maginan da suka rage suna nan a unguwanninmu. Mu ɗauki biro da takarda mu je musu gaisuwa, mu tambaye su sunan kowane abu da yadda ake yin sa, tun suna da ƙarfin ba mu amsa.