Gyaran itacen gindin rumbu bayan ruwa ya ruɓar da shi

Ɗan'uwa manomi, rumbu daga ƙasa yake fara mutuwa. A Takur da ƙauyukan kewayen Dutse, ruwan watan Agusta kan kwanta a gindin rumbu, itacen da aka shimfiɗa kan duwatsu ya sha ruwa ya ruɓe, gara kuma ta ƙarasa shi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a Jigawa sun san yadda abin yake. Idan ka zuba damman gero a kan irin wannan itace, wata rana gindin zai zube, hatsin shekara ya taɓa ƙasa ya yi fumfuna.

Yadda za ka gane

Ka tsuguna ka soki kowane itace da ƙusa, musamman bakinsa da ke kan dutse. In ƙusa ta shige ba wahala, ko itacen ya yi baƙi yana marmashewa, to ya gama aiki. Tsagewar daɓen ciki da karkatar rumbu su ma alama ce.

Yadda ake gyara

1. Ka kwashe hatsin gaba ɗaya tukuna. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin rumbu mai kaya, balle yara.
2. Ka tokare gindin da duwatsu ko bulo a gefen itacen da ya lalace.
3. Ka zare ruɓaɓɓen ka zura sabo, ɗaya bayan ɗaya. Kar ka cire biyu lokaci guda.
4. Ka nemi busasshiyar azarar giginya ko ƙirya, su ne gara ba ta cika ci ba. Ɗanyen itace lanƙwashewa yake yi.
5. Ka gyara zaman duwatsun, itace ya tashi daga ƙasa kamar kamu ɗaya, iska ta riƙa ratsawa.
6. Ka sake yaɓe, ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar da hatsi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a lulluɓe ruɓaɓɓen itace da sabuwar ƙasa. Ido kawai aka rufe, ruɓar tana nan tana ci.

Rigakafi

Ka haƙa ƙaramar magudana ta janye ruwa daga gindin, ka gyara jinka ta riƙa zubar da ruwa nesa. A gama aikin nan kafin girbin gero. 'Yan ƙungiya za su iya haɗa kuɗi su sayi azara a tare, su bi rumbunan juna da gayya.