George Ramsay: Akawun Da Ya Koya Wa Aston Villa Ƙwallo

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Idan ana hirar asalin ƙwallon ƙafa, yawancinmu Ingila muke ambata mu yi shiru, tun da a Landan aka rubuta dokokin wasan a 1863. Amma rubuta doka daban, iya wasa daban. Salon da muke kallo yau, na miƙa wa juna ƙwallo, mutanen Sikotlan ne suka yaɗa shi a Ingila, kuma cikinsu kaɗan ne suka bar abin tunawa irin na George Ramsay.

An haifi Ramsay a birnin Gilasgo a 1855. A lokacin ƙuruciyarsa, ɗan wasan Ingila idan ya sami ƙwallo sai ya sunkuyar da kai ya yi ta gudu da ita shi kaɗai har a ƙwace, sauran suna biye da shi kamar ɗinkin tsuntsaye. A Gilasgo kuwa, kulob ɗin Queen's Park ya riga ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan wannan kulob ne suka tsaya wa Sikotlan a karon farko da Ingila a 1872, aka tashi babu ci. A cikin wannan yanayi Ramsay ya koyi wasa.

Neman abinci ya kai shi Bamingham, inda ya sami aikin akawu a wata masana'antar tagulla. A 1876 ya tarar da samarin Aston Villa suna motsa jiki, ya shiga cikinsu. Kulob ɗin bai wuce shekara biyu da kafuwa ba, kuma samarin wata majami'a ne suka kafa shi. Da suka ga yadda yake sarrafa ƙwallo, sai suka roƙe shi ya zauna, ba da jimawa ba suka naɗa shi kyaftin. Ya koya musu tsayawa kowa a gurbinsa da miƙa ƙwallo, ya kuma jawo ɗan ƙasarsu Archie Hunter a 1878. A 1880 suka ɗauki kofinsu na farko, na yankin Bamingham.

Rauni ya raba Ramsay da fili a 1882, to amma a nan ne babban aikinsa ya soma. A 1885 hukumar ƙwallo ta Ingila ta halatta biyan 'yan wasa albashi. Da kuɗi ya shigo, sai kulob ya bukaci wanda zai riƙe littattafai, ya shirya tafiye-tafiye, ya nemo 'yan wasa, ya kula da tarbiyyarsu. A 1886 Villa ta ɗauki Ramsay wannan aiki a kan fam 100 a shekara, shi ya sa ake lissafa shi cikin manajoji na farko da aka biya albashi a duniya. Ya kamata mu lura cewa kwamiti ne ke zaɓen waɗanda za su buga a wancan zamani, ba manaja shi kaɗai ba. Duk da haka, kwamitoci sun zo sun wuce, 'yan wasa sun tsufa sun tafi, Ramsay yana nan har 1926.

Ga abin da shekarun nan 40 suka haifar. Villa ta ci gasar lig sau shida: 1894, 1896, 1897, 1899, 1900 da 1910. Ta ɗauki Kofin FA sau shida: 1887, 1895, 1897, 1905, 1913 da 1920. A 1897 ta haɗa biyun a shekara ɗaya, abin da ba wanda ya sake yi sai Tottenham a 1961. Ita kanta gasar lig ɗin, wani ɗan Sikotlan na Villa, William McGregor, ne ya kawo shawarar kafa ta a 1888. Kofunan FA shida na Ramsay kuwa, sai a 2017 Arsene Wenger ya zarce su da na bakwai.

Ramsay ya rasu a 1935, shekara na zagayowa Villa ta faɗa rukuni na biyu, karon farko a tarihinta. Bayan saukarsa, sai 1957 ta sake ganin Kofin FA, sai 1981 ta sake cin lig.

Abin lura gare mu marubuta shi ne, mai jefa ƙwallo a raga shi ake yi wa tafi, shi kuma jaridu ke buga hotonsa. Wanda ya zauna da alƙalami da littafin lissafi shekara 40 ba shi da maroƙi. Idan masu rubuta tarihi ba su neme shi ba, ba wanda zai neme shi. Yabon gwani ya zama dole.