Auna Sukarin Jini da Haske ba tare da Huda Fata ba: Matsalar Daidaita Na'ura a Yanayin Dutse

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar hanyar auna sukarin jini da haske, ta kuma dubi yadda za ta kaya a Dutse. Matsayinta shi ne, na'urar da aka daidaita a wata ƙasa ba abar dogaro ba ce a nan sai an sake gwada ta a jikin mutanen nan.

Gabatarwa

Nazarin Uloko da abokan aikinsa na 2018 ya ƙiyasta masu ciwon suga a Nijeriya da kashi 5.77 cikin ɗari, Arewa maso Yamma kuwa kashi 3.0. Mai cutar a Dutse ko Kiyawa sai ya huda yatsa, kuma kowane gwaji yana cin tsinke guda na kuɗi. Wannan tsada ce, fiye da zafin allura, ta sa batun haske ya cancanci nazari.

Yadda hanyar take

Tun 1977 Frans Jöbsis ya nuna cewa hasken infared na kusa yana ratsa nama. Sukari yana shan wannan haske a wajajen nanomita 1,600 da kuma 2,100 zuwa 2,300, don haka ana iya ƙiyasta yawansa daga abin da ya dawo. Sai dai sukarin da ke cikin litar jinin mai lafiya kusan giram ɗaya ne kacal, ruwa kuwa shi ya mamaye jiki, yana shan haske sosai a nanomita 1,450 da 1,940. Ƙari a kan haka, shan hasken ruwa yana sauyawa da ɗumin fata, har ƙaramin sauyi ya binne alamar sukarin.

Yanayin Dutse

A nan gizo ke saƙar. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, da hunturu kuma fata ta bushe ta yi kaushi. Akwai lalle a yatsun mata, akwai kantar fartanya a hannun manomi, ga ƙarancin ruwan jiki da azumi. Launin fata ma abin lura ne: a 2020 Sjoding da abokansa sun gano cewa na'urar auna iskar oksijin da haske takan kasa gano ƙarancinta a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. A Fabrairun 2024 hukumar FDA ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan agoguna da zobba masu da'awar auna suga ba tare da huda fata ba.

Gwajin da ake bukata

Jami'ar Tarayya ta Dutse da asibitin Rasheed Shekoni za su iya ɗaukar aikin. A gwada sakamakon haske da na jinin jijiya a lokaci guda, da bazara da hunturu, a rubuta ɗumin fata da gurbin da aka haska. Ma'aunin ISO 15197 na 2013 na na'urorin auna suga ya gindaya cewa kashi 95 na sakamako kada su kauce fiye da kashi 15 idan suga ya kai miligiram 100 a desilita, ko fiye da miligiram 15 idan bai kai ba.